An sauka lafiya, sai a jingine maganin awo?

Kwanakin baya na je barka a Makka, a wani gida da ke lungunan Shara Mansur, inda 'yar ƙanwar mahaifiyata ta sauka, haihuwarta ta uku. Falo cike da mata, turaren wuta na tashi, gahawa da dabino na zagayawa, jariri kuwa daga wannan hannu sai wancan. Ita mai jegon tana gefe, jingine da matashi. Da ta miƙe za ta zaga, sai da ta dafa bango ta rufe ido na ɗan lokaci. Ba wanda ya kula, don kowa ya san mai jego da jiri. Ni abin da idona ya faɗa a kai shi ne kwalbar bitamin ɗin da aka rubuta mata a wajen awo, tana kan firji, ko rabi ba a sha ba. Jaririn na hannuna a lokacin. Na ce mata, “Ke kuwa kina ci gaba da shan wancan?” Kafin ta buɗe baki Gwaggo ta karɓe zancen: “Haba 'yar nan, ai wannan na ciki ne. Cikin kuwa ga shi nan a hannunki.” Aka kwashe da dariya, har da ni.

Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin Gwaggo ba shirme ta faɗa ba. A jikin kwalin hoton mace ne da tulelen ciki, a saidaliya ma, wato kantin magani, da sunan masu ciki ake sayar da shi, kuma ranar da ya kamata a yi maganar bayan haihuwa hankalin kowa na kan naƙuda. To amma jikin mace bai san an yanka ragon suna ba. Duk wanda ya karanta Suratu Luƙman ya san ciki da shayarwa a aya ɗaya aka haɗa su, rauni a kan rauni, sannan yaye cikin shekara biyu. A Suratul Ahƙaf kuma tare aka ƙidaya su, wata talatin. Mu ne muke rufe lissafin a wata tara.

A fara da jini, tunda shi mutanenmu suka fi ganewa, shi ya sa ma duk ƙwayar da aka bayar a awo sunanta maganin ƙarin jini. Sinadarin da jiki ke ƙera jan jini da shi, wato ayon, ciki ɗaya na cin kimanin miligiram 1,000 daga shigarsa zuwa sauka: wani ya tafi ga jariri da mabiyiya, wani ya shiga ƙarin jinin da uwa ke yi don ta ɗauki nauyin rai biyu. Mata da yawa ko rabin wannan ba su da shi a ajiye ranar da cikin ya shiga. Sai kuma ranar haihuwa. Ko an sauka lafiya lau, mace na iya zubar da jinin da ya kusa rabin lita, in kuwa aiki aka yi mata yakan doshi lita guda. A rabin litar nan kaɗai akwai ayon da ya kai miligiram 200 zuwa 250, alhali abin da hanji ya saba tsotsa daga abinci a yini bai wuce miligiram ɗaya zuwa biyu ba. Gaskiya ne jiki na maido da wani kaso daga ƙarin jinin da ya yi lokacin ciki, hanji ma na ƙara himma idan rumbu ya yi ƙasa. Duk da haka, wadda ta shiga ɗakin haihuwa jininta a ƙasa, ta kuma yi zubar jini, farfesun kaza na mako guda ba zai cike mata wannan rami ba.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2016, ta kuma nanata a 2022, cewa a wuraren da ƙarancin jini ya kama aƙalla kashi 20 cikin ɗari na masu ciki, ana iya ci gaba da ba mai jego ayon, shi kaɗai ko haɗe da bitamin ɗin nan folik asid, na mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. A lissafinmu, daga arba'in ɗaya zuwa arba'in biyu ke nan. Ƙasashen da muka fito sun zarce wannan layi nesa ba kusa ba. Babban binciken lafiya da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Ita kanta Saudiyya, duk da wadatarta, ba ta sauka ƙasa da layin ba. Wadda ta zo daga Kano ko Damagaram shekara biyu da suka wuce kuwa, da jininta ta zo, jirgi bai sauya mata shi a hanya ba.

Abin da ke sa a yi sake, alamomin ƙarancin jini duk kamarsu ɗaya da jego kansa. Kasala, jiri, ciwon kai, bugun zuciya da haki in an hau bene, saurin fushi, mantuwa, wani lokaci har da kwaɗayin tauna ƙanƙara ko farar ƙasa. Wace mai jego ce ba ta gajiya, ga jariri ba ya barin a runtsa? Sai a ce ta yi haƙuri, haka kowa ta yi. Bincike da dama sun nuna masu jegon da jininsu ya yi ƙasa sun fi faɗawa cikin ƙuncin ran nan da ke kama wasu mata bayan haihuwa, wanda mu mukan fassara da iska, ko sammu, ko rashin godiyar Allah. Ba cewa nake ƙwaya ce maganinsa ba, abubuwa da yawa ke haɗuwa su kawo shi. Amma macen da ko miƙewa tsaye wahala yake mata, ba a yi mata adalci ba in aka fara da wa'azi kafin a auna jininta.

Ga inda zancen ya ɗan karkata zuwa ɓangaren Gwaggo. Shayarwa kanta ba ta cin ayon sosai. A ma'aunin da masana abinci na Amurka suka tsara, mai ciki na bukatar miligiram 27 a yini, macen da ba ta da ciki 18, mai shayarwa kuwa 9 kacal, saboda al'ada ta ɗauke, nono kuma ayon ɗin da ke cikinsa kaɗan ne. Ashe ayon ɗin bayan haihuwa biyan tsohon bashi ne, ba cefanen nono ba. Wadda aka auna bayan arba'in aka ga komai ya koma daidai, ba dole ba ne ta yi ta fama da ƙwaya mai ayon da yawa tana ɗaure mata ciki, balle in tana da ɗinki ko basir. Wadda kuma jininta ya faɗi ƙwarai, ƙwayar awo ta yi mata kaɗan. Yawancinsu abin da ke ciki bai wuce miligiram 30 ba, alhali 'yar jar ƙwayar nan ta ayon zalla da aka saba bayarwa a asibitocin gida tana ɗauke da kimanin 65. Akwai ma wadda sai an saka mata ta jijiya. Gwaji ke raba wannan gardama, ba kallon tafin hannu ba.

Nono labarinsa daban, kuma shi ne abin da na fi so mata su riƙe. Mai shayar da nono zalla tana fitar da wajen mililita 750 zuwa 800 kowace rana a watanni shida na farko, kuma duk abin da ke cikinsa daga jikinta ya fito. Masana sun lura sinadaran da ke shiga nono kashi biyu ne. Akwai waɗanda in uwa ta rasa, nonon ma ya rasa: aidin, bitamin A, bitamin D, da dangin B irin su B1 da B2 da B6 da B12. Akwai kuma waɗanda nono ba ya roƙo, ɗauka kawai yake yi, ko uwa na da su da yawa ko babu: folik, kalsiyam, ayon, zink. A kashi na farko jariri ne ke biyan kuɗin rashin, a na biyu uwa ce. Saboda haka maganar nan da ake yi, “Ki dubi yaron ɓul-ɓul, ai ba abin da ya rasa,” ba ta shaidi uwar da komai ba. Yana iya yin ɓul-ɓul ɗin ne daga rumbunta.

Wasu bukatun ma hawa suke yi daidai lokacin da ake jingine kwalbar. A wancan ma'auni na Amurka, bitamin A daga maikirogiram 770 na mai ciki yake tashi zuwa 1,300 ga mai shayarwa, aidin daga 220 zuwa 290, bitamin C daga miligiram 85 zuwa 120.

Aidin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Mu da maƙoƙo muka san rashinsa, amma babban aikinsa a jariri gina ƙwaƙwalwa ne, kuma jaririn da ke kan nono zalla ba shi da wata hanyar samunsa sai ta uwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maikirogiram 250 a yini ga mai ciki da mai shayarwa. Gishirin kanti da aka rubuta yana da aidin, da kifi, da madara, da ƙwai, su ne tushensa. Matsalar ita ce son da muke yi wa tsarabar gida: manda ko balma da aka ƙullo mana daga Najeriya ko Nijar, ko jan gishirin dutsen nan da ake yayi yanzu ana cewa ya fi lafiya. Waɗannan galibi ba a saka musu aidin ba. Sannan ba kowace ƙwayar masu ciki ke ɗauke da shi ba, sai an juya kwali an karanta. Wadda ke da cutar maƙoshi, wato ta tayirod, tana shan magani, ita da likitanta za su tsara wannan.

B12 kuma daga nama da kifi da ƙwai da madara ake samunsa, don haka mai cin waɗannan ba ta cika rasa shi ba. Amma akwai wani abu da ya yawaita a ƙasar nan wanda ba mu saba da shi a gida ba, tiyatar rage tumbi da ake kira takmim. Macen da aka yi wa ita, cikinta ba ya tsotsar B12 da ayon yadda ya kamata, ko da shekaru sun shuɗe. Haka wadda ta daɗe a kan metformin saboda ciwon suga. Jaririn da ya rasa B12 yakan yi laushi, ya ƙi cin abinci, ya makara wajen zama da rarrafe, kuma in abin ya daɗe yana iya barin tabo a ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan mata, ajiye bitamin bayan haihuwa ganganci ne.

Yanzu ga wanda ya fi shafar mu mazauna Hijaz, bitamin D. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: ƙasar da rana ke narka kwalta, ita ce kuma ƙasar da likitoci suka daɗe suna rubutu a kan ƙarancin bitamin ɗin da fata ke yi daga hasken rana. Wanda ya zauna a Makka ko Jidda ba zai yi mamaki ba. Zafin bazara na haura digiri 45, ba mai fita da rana sai dole. Rayuwa bayan isha take farawa, kasuwa da ziyara da biki duk da dare, safiya kuwa barci. A gida mace na tsakar gida da ɗaurin ƙirji tana wanke-wanke, tana shara, tana shanya, rana na dukan kafaɗunta ba tare da ta fita ko zaure ba. A nan shugga ce, wato sashen gidan bene, a hawa na uku, taga a rufe, labule a sauke, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na huci, kuma hasken da ya ratso gilashi ba ya sa fata ta yi bitamin D. Wasu na ɗora laifin a kan abaya kaɗai, ni kuwa ina ganin rashin tsakar gida ya fi ta laifi, don iyayenmu ma da lulluɓi suke fita. Sai a ƙara da baƙar fata, wadda take bukatar daɗewa a rana fiye da farar fata kafin ta yi adadi ɗaya. Sai kuma a ƙara da kwana arba'in na zaman ɗaki.

Illarsa ga uwa ciwon ƙashi da baya da kasalar tsoka, waɗanda su ma jego ake ɗora wa. Ga yaro kuma laushin ƙashi, gwame ko karkacewar ƙafa, jinkirin haɗewar maɗiga, wani lokaci har da taune-taune saboda faɗuwar kalsiyam a jini. A nan akwai bambancin da ya kamata masu zuwa daga gida su sani. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna karkacewar ƙafar yaran can galibi daga rashin kalsiyam a abinci take. A Saudiyya kuwa rashin bitamin D ne ke kan gaba. Ciwo ɗaya, tushe daban.

Kada kuma uwa ta ce tunda tana shan ƙwayarta ta sallami jariri. Nono, duk albarkarsa, matalauci ne ta wannan fanni: lita guda ba ta cika kai ma'auni 100 ba, ma'aunin da ake rubutawa IU a jikin kwalba, jariri kuwa 400 yake bukata a yini. Abin da ke cikin ƙwayar masu ciki, wanda galibi 'yan ɗaruruwa ne, na uwar ne, ba ya isa ya cika nono. An yi wani gwaji a Amurka, aka buga a 2015, inda aka ga sai da uwa ta riƙa shan 6,400 kullum kafin nononta ya wadatar da jariri, kuma wannan ba adadin da mace za ta yanke wa kanta ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗigon bitamin D da ake rubuta wa jarirai, a riƙa ɗiga masa kullum. Na sha ganin wannan 'yar kwalbar ma a kan firji, kusa da ta uwar.

Folik asid kuma ba don wannan jaririn kaɗai ba, har da mai bi masa. Kowa ya san kwanika, kowa kuma ya san ba shawara take yi ba. A da, mai jego na tafiya wanka gidan iyayenta ta yi watanni, ga shayarwa dare da rana, sai tazara ta samu da kanta. A nan iyayen wata suna Katsina, na wata suna Maraɗi, daga asibiti sai ɗakin miji. Ga madarar gwangwani da ake fara haɗa wa jariri tun makon farko, abin da ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Shayarwa na hana ɗaukar ciki ne kawai idan abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi, kuma ƙwai na iya sauka kafin mace ta ga jinin farko.

Abin da ya haɗa wannan da folik asid shi ne lokaci. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yana gama rufewa ne cikin kimanin kwana 28 da shigar ciki. Mai shayarwar da al'adarta ba ta daidaita ba, sai ta kai wata uku ba ta san tana da ciki ba. Kafin ta je awo a rubuta mata folik asid, aikin gama ya gama. In bututun bai rufe ba, shi ne ake haifar yaro da buɗaɗɗen baya ko ƙullutu a gadon baya, ƙafafu a shanye, wani kuma ƙoƙon kansa bai cika ba, ba ya rayuwa. Babban gwajin da aka jagoranta daga Ingila aka buga a 1991 ya nuna folik asid ya rage maimaituwar wannan da kusan kashi 72 cikin ɗari a matan da suka taɓa haifar irin wannan jariri. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ake so duk macen da ciki zai iya shigar ta ta kasance tana samun maikirogiram 400 kullum. Wadda ta taɓa haifar mai wannan lalura, ko mai ciwon suga, ko mai shan maganin farfaɗiya, likita kan rubuta mata wanda ya ninka wannan sau goma ko fiye. Saudiyya ta fara saka folik asid a garin fulawa tun farkon shekarun 2000, don haka mai cin burodin tamis da samuli na samun wani abu. Gidan da tuwon shinkafa da na masara suka fi yawa a tukunya kuwa, rabonsu a nan kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a bar wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da ke cikin Suratul Baƙara. Wadda Allah bai nufe ta da wannan tazara ba, aƙalla kada sabon cikin ya tarar da rumbu wayam.

Akwai abubuwan da ake jingina wa ƙwayar nan waɗanda ba aikinta ba ne. Zubar gashin da ke farawa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa daga saukar sinadaran ciki yake, yana kuma tsayawa da kansa, sai dai in ƙarancin ayon ko ciwon maƙoshi ya ƙara masa ƙarfi. Ƙwayar ba ta kawo ruwan nono, yawan ba jariri da ƙoshi da hutu ke kawo shi. Ƙashin mai shayarwa na ɗan raguwa ko ta sha kalsiyam ko ba ta sha ba, ya kuma dawo bayan yaye. Ƙwayar ba ta sa ƙiba, ba ta kuma zama madadin abinci: hanta, nama, kifi, wake, zogale, alayyafo, ƙwai, ba kwalbar da ta kama ƙafarsu. Macen da take ci ta ƙoshi da irin waɗannan, jininta a cike, ƙarin da ƙwayar za ta yi mata ba mai yawa ba ne. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mai jego nawa ce a cikinmu ke ci haka bayan 'yan suna sun watse?

Daga al'adun jegonmu, waɗanda suka fi amfani su ne suka maƙale a gida: tsohuwar da za ta zauna da ke wata biyu, ƙauri, gasasshen nama da yaji, hana ki ɗaukar ko tsintsiya. Kanwa kuwa ta samu biza, tana cikin jakar kowace mai zuwa Umara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon wuta. Kanwa gishiri ce mai nauyi, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ƙarancin jini ya riga ya wahalar kuma ita za ta ɗauki kayan. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari da dare, wannan ba maganar bitamin ba ce, asibiti za a nufa a daren.

Shayi ma na da nasa. A ƙasar nan ba a gama cin abinci sai an ɗora shayi ko gahawa, su kuwa suna riƙe ayon su hana hanji tsotsarsa. Madara ma haka. A sha ƙwayar da ruwa ko da lemo, a bar awa ɗaya ko biyu kafin shayi. In tana tayar da zuciya, a sha da ɗan abinci ko lokacin kwanciya. Baƙin bayan gida ba abin tsoro ba ne, ayon ne. Mai shan maganin maƙoshi ta raba su da awa huɗu. Da azumi, wadda ta zaɓi ta yi duk da rangwamen da hadisi ya yi wa mai ciki da mai shayarwa, sai ta mayar da ita bayan tarawi ko sahur, nesa da kofin shayin buɗa-baki.

Akwai kuma waɗanda ba za su sha ayon da ka ba. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, ayon ya riga ya yi mata yawa a jiki, ƙari cutarwa ne. Talasimiya, wadda ta yawaita a wannan yanki, tana sa jini ya yi kama da na mai ƙarancin ayon alhali ba shi ba ne. Saudiyya ta wajabta gwajin waɗannan biyu kafin aure tun 2004, amma da yawanmu a gida aka ɗaura mana, ko a nan ɗin ba ta hanyar hukuma ba. Gwaji biyu ke warware zance: himogulobin, mai nuna yawan jini, wanda ake so ya kai 12 ga macen da ba ta da ciki, da feritin, mai nuna abin da ke rumbu. Feritin kan yi ƙaryar hawa a makonnin farko bayan haihuwa, shi ya sa wajen cikar arba'in ya fi dacewa da auna shi. Kada kuma a haɗa kwalba biyu ko uku a lokaci guda, wannan ta likita, wannan ta maƙwabciya, wannan ta Snapchat, domin bitamin A da D taruwa suke yi a jiki.

Na san duk wannan maganar gwaji da likita ba kowa take samu daidai ba. Hausawan ƙasar nan ba jirgi ɗaya ya kwaso mu ba. Akwai 'yan ƙasa da kakanninsu suka zo a ƙafa, su markaz, wato asibitin unguwa, a buɗe yake gare su. Akwai mai iƙama da ta'amin, wato takardar zama da inshorar lafiya. Akwai kuma wadda ba ta da takarda, ta haihu a ɗaki a hannun ungozoma, kuma kafin arba'in ta koma shagala, wato aikin neman kuɗi, don haya ba ta jira. Wannan ta ƙarshe ita ta fi kowa bukata, ita ce kuma ba wanda zai auna. Abin da zan ce mata, ƙwayar ayon da folik asid ta talakawa ana sayar da ita a saidaliya ba tare da takardar likita ba, kuma aikinta bai gaza na mai kwalin zinare ba. In ba ta da sikila ko talasimiya, arba'in biyu tana sha ya fi babu nesa. Mazaje kuma, wanda ya iya ragon suna da kayan fitar suna, ya iya wannan. Mu mata ma kada mu zame: kuɗin da ke tafiya a kayan gyaran jiki kafin a koma turaka ya isa bitamin ɗin wata shida har da canji.

Har yaushe za a sha? Ayon, mako 6 zuwa 12, ko fiye in gwaji ya nuna rumbu bai cika ba, don jini na riga rumbu cika. Sauran kuwa, likitoci da yawa na cewa a ci gaba muddin ana shayarwa, folik asid kuma muddin ciki na iya shiga.

Ranar suna na koma gidan. An kai mai jegon mustausaf, wato ƙaramin asibiti, an auna, an ƙara mata ayon a kan ƙwayar awon. Gwaggo ta yarda da hanta da zogale, a kan kanwa dai har yanzu muna ja. Kwalbar ce na sa aka sauke daga kan firji, ba don a daina sha ba. Yayan jaririn, ɗan shekara uku, na gan shi ya jawo kujera yana leƙen abin da ke sama. Ƙwayoyin nan jajaye ne masu santsi kamar alewa, kuma 'yan kaɗan daga masu ayon da yawa na iya halaka ƙaramin yaro, wani lokaci ma ya yi amai ya warware kamar ya warke kafin hanta ta fara lalacewa. In hakan ta faru ba a jira alama, 997 ake kira don motar asibiti, ko 937 na Ma'aikatar Lafiya. Yanzu kwalbar na cikin durowa mai makulli, ita kuma ta saita ƙararrawa a wayarta, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan an kwashe kofunan shayi.